Bayanki Kaɗai Na Iya Zanawa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta tarar da ke cikin rahamarSa, Ya sa makwancinki ya fi tsakar gidanmu na Lazaret faɗi da sanyi. Mu nan Yamai lafiya lau muke. Ƙanwata Balki da yaranta suna nan cikin gidan da kika bari. Kawu Isufu ma da sauƙi, gwiwa ce dai take hana shi zuwa Babbar Kasuwa kullum, sai ya zauna gida yana yi wa kowa faɗa.

Na san ba za ki karanta ba. Da kina raye ma Balki ce za ta karanta miki, ke kuwa ki duƙufa kan ɗinkinki kamar ba da ke ake ba. Na kuma san jama'a za su karanta, tunda a fili na ajiye ta, kuma da kina nan da kin ce yarinyar nan ta kwashi zancen ɗaki ta kai bakin titi. Ki yi haƙuri. Abin ne ya cika mini ciki, kuma ke kaɗai nake son gaya wa.

Inna zan ce miki a takardar nan. Bakina bai saba ba, don tun da na fara magana Yaya nake ce miki, yadda na ji ƙannenki suna faɗa, kuma ba wanda ya gyara mini. Balki ce ta zo ta samu Inna. Ni ɗiyar fari ce, ke kuma ƴar Maraɗi ce, daga gidan da ba a wasa da kunya. A can uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaga ido ta dube shi. Wasu matan sukan yi na ƴan shekaru su saki. Ke kam kin riƙe abinki har kabari.

Labarin da nake son ba ki shi ne, an baje zane-zanena a wani babban zaure kusa da bakin kogi. Eh, zanen nan dai da kika sani, wanda na fara da gawayi a bangon bayan madafi, kika aiko Balki ta ce wai a gaya wa wasu, wato ni, gawayi na girki ne. To ga inda abin ya kai. Mutane na shiga suna fita, har da masu ɗaure wuya da karabat da masu ɗaukar hoto, an rubuta sunana da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa. Duk tablon zanen da ke rataye a ciki mata ne, kuma duk matan naki ne. Daga bakinki na same su.

Akwai matar nan ta ƙarƙashin ruwa, wadda kika ce tana hawowa kan dutse da tsakar rana tana taje gashinta. In masunci ya gaishe ta da ladabi ya wuce, sai ya cika jirginsa da kifi, in kuwa ya ƙura mata ido sai ya koma gida bai san sunan kansa ba. Akwai tsohuwar cikin tsamiya mai zuwa aron turmi wurin amare, don ta ga wace ce mai rowa. Akwai amaryar da ke tuɓe fatarta ta rataye a bayan ƙofa ta zama barewa. Sai kuma wadda ta ƙulle ruwan sama a bakin zanenta saboda an yanka mata akuya ba a tambaye ta ba, gari ya yi ta bushewa har sai da mazan garin suka zo suka durƙusa mata. Ita na fi so tun ina ƙarama, kuma har gobe ina ganin da gaskiyarta.

Ban yi su da fentin Turawa kaɗai ba. Na jiƙa lalle, na nemo baba wurin masu rini, na tankaɗe jar ƙasa, na liƙa ƙyallayen atamfa irin waɗanda kike tarawa a buhu ƙarƙashin kekenki. Zauren har ƙamshin lalle yake yi, wata mata ma ta shigo ta tambaya ko biki ake.

To amma ga abin da kowa ya lura da shi: babu ko ɗaya a cikinsu da ta juyo. Duk sun ba mutane baya. Ƙeya, ɗaurin kallabi, kafaɗa, gadon baya, shi ke nan. Wallahi ni kaina ban ga girman abin ba sai ranar da aka jera su a bango. A ɗakin aikina da ke unguwar Dar es Salam ɗaya bayan ɗaya nake yin su, in gama wannan in jingine in ɗauko wani. Ranar da ma'aikatan zauren suka gama ratayewa suka fita shan shayi, na tsaya ni kaɗai a tsakiya, na juya gabas na juya yamma, duk inda na duba an ba ni baya. Sai na nemi kujera na zauna.

Kin tuna yadda kike yi mana tatsuniya? Na ce mana, amma Balki da yaran maƙwabta kike yi wa. In an ci tuwo an yi sallah, sai ki shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki su jeru a gabanki, Balki ta haye cinyarki. Ba wanda ya taɓa ce mini kada in zauna a gaba. Amma duk ranar da na zauna, sai ki tuna da wani aiki ki tashi, yara su yi ta harara ta don na ɓata musu hira. Ban daɗe ba na gane. Na koma zama a bayanki kan turmin da aka kwantar, labarin yana tafiya can gaba, ni ina tsintar abin da ya faɗo ta baya.

Abin da ya faɗo kuwa ba kaɗan ba ne. Balki ta ga idonki lokacin da matar ruwa ta fito, ni kafaɗarki na ga ta ɗaga. Na san in abin tsoro ya kusa, wuyanki ne yake fara sunkuyawa. In abin dariya ne, gadon bayanki yake fara rawa tun muryarki ba ta nuna ba. Sau da yawa nakan riga su yin dariya, su juyo suna cewa na taɓa jin labarin ne. Ban taɓa ji ba, bayanki ne ya gaya mini.

Da rana kuma ga keken ɗinki. Kin kafa shi yana fuskantar taga saboda haske, duk wanda ya shigo ɗakin bayanki yake tararwa. In Balki ce, ko mai kawo ɗinki, sai ki tsayar da ƙafa ki juyo. In ni ce, keken ba ya ko rage gudu. "Abincin wasu na cikin kwano," haka kike cewa, kina gaya wa taga. Ni ce wasu. Wata rana ni ce waccan, wata rana yarinyar nan. In kuma na yi abin da kika ji daɗinsa ƙwarai, kamar shekarar da na zo ta ɗaya a aji, sai in samu ƙarin girma in zama mutanen lakwal, wato ƴan makaranta.

Kada ki ce ƙara na kawo. Ban taɓa kwana da yunwa ba, ban taɓa fita da yagaggen tufafi ba. Ranar da wani mushe, malamin ajinmu, ya dake ni a lakwal har hannuna ya kumbura, ba ki ce mini sannu ba, amma kin hana Baba cin abinci sai da ya saka takalmi ya je ya ga mutumin. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya sha zaunar da ni a shagonsa na atamfa yana gaya mini kunya ce, ba ƙi ba ne. Kaka ta faɗa, gwaggonni sun faɗa, duk wanda ya ga na ɓata rai sai ya faɗa. Na ji, na kuma yarda. Sai dai ita yarinyar da ke zaune kan turmi ba ta taɓa gamsuwa ba, kuma har yau tana nan cikina, ta ƙi girma.

Shi ya sa da na haifi Nafisa, tawa ɗiyar ta fari, na sha alwashin sai kunnenta ya gaji da sunanta. Tun safe har dare Nafisa, Nafisa, in ɗaga ta sama, in sumbace ta a gaban kowa, har a gaban surukaina. Da labari ya iso miki sai kika ce wa Balki, ƴan lakwal ba su da ta ido. Amma ke da kanki in na kawo ta, kafin in gama sallama kin miƙo hannu ta gefe kin karɓe ta. Ki ɗora ta a cinya, ki kama ƴar fuskarta da hannu biyu, ki yi ta dubawa kina kiran sunanta kina tsokanarta wai ta zo ta cinye miki abinci. Kowa yana cewa ni da Nafisa kamar an tsaga kara. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon bayanki, ina jin kishin jaririyar da na haifa da cikina.

Lokacin da kika kwanta a likita, na ce a raina to yanzu kam. Ni ke juya ki, ni ke goge miki jiki, ni ke ba ki kunu a cokali. Fuskata dab da taki, har ina jin numfashinki. Da cokali ya doso sai ki lumshe ido ki buɗe baki. In na gama na ɗauke kwano na matsa, sai in ji kina yi wa Balki magana, in san idon ya buɗe. Na yi ta addu'a ciwon ya sa ki manta, ko sau ɗaya ki ɗauka ni wata ce daban ki dube ni. Ina! Hankalinki bai gushe ba ko kaɗan.

Maganar ƙarshe da kika yi a kaina, Balki kika gaya wa, ina tsaye a wurin: "Ki ce ma waccan ta tai gida ta huta, ta bar ɗiya ita ɗai." Na tafi don kin ce. Da na dawo da la'asar na tarar an ja miki mayafi an rufe fuskar.

Hotunanki suna nan, ba a rasa ba. Akwai na ranar da kika dawo daga Makka, akwai na bikin Balki, akwai waɗanda jikoki suka yi ta ɗaukarki da salula kina korarsu. Na san hancinki, na san tsagar da ke gefen kumatunki, na san girarki ta hagu ta fi ta dama tashi. Amma a cikinsu duka mai hoto kike kallo, ko wani can gefe. Abin da ban sani ba shi ne yadda idon nan yake in ni yake kallo. Abin da nake nema ke nan, Inna, tun kina raye har bayan ranki: in san ko kin taɓa dubana.

Na gwada, kada ki ce ban gwada ba. Da ana shirin baje kolin nan na ce sai na yi tablo ɗaya da mace za ta fuskanci jama'a, kuma fuskarki za ta ɗauka. Na kafa hotunan a gabana na yi ta fama. Abin da ya fito mace ce mai kama da ke sak, amma idonta irin na hoton katin ɗan ƙasa, ba ya kallon kowa. Na shafe na sake, na shafe na sake, har ƙyallen ya yi nauyi da fenti. Na kira Balki na ce ta kwatanta mini yadda kike kallonta. Ta yi dariya ta ce kamar yadda kowace uwa ke kallon ɗiyarta mana, ta shiga ba ni labarin tsadar tumatir a kasuwar Lazaret. Ban ga laifinta ba. Ita abin ya yi mata yawa ne har ba ta san akwai shi ba. Na juya tablon ya fuskanci bango, yana nan har yanzu.

Ranar buɗewa Kawu Isufu ya zo, da sandarsa da shirin faɗa. An kai masa labari wai ɗiyar yayarsa ta tara hotunan aljanu ta gayyato mutane kallo. Ya shigo ya sha mur, bai amsa gaisuwar kowa da kyau ba, ya bi bango yana ɗingishi yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ni ina biye da shi. Da ya kai ƙarshe sai ya juyo fuska a sake, ya ce madalla, ashe yarinyar tana da tsoron Allah, ko fuska ɗaya ba ta zana ba. Ya ɗaga hannu ya sa mini albarka a gaban jama'a. Na durƙusa na karɓa, don albarkar kawu ba abin mayarwa ba ce, ko ta wace hanya ta zo.

Bayan shi wata yarinya ƴar jarida ta tare ni da makirfo, ta tambaye ni da Faransanci me ya sa matan suka juya baya. Kin san bakina in ya samu wuri. Na gyara tsayuwa na ce ai sihirin mace yana cikin abin da ta ƙi nunawa ne, na ce matan tatsuniya sun gaji da a kalle su, yanzu su ne ke kallon wani wuri da mu ba mu gani. Na yi ta zuba, tana ta gyaɗa kai. Maganar ta yi daɗi har ni ma na kusa yarda. Da na koma gida na cire ɗankunne a gaban madubi sai kunya ta kama ni.

Ana nan, ranar wata Laraba da rana zauren ba kowa, sai ga Balki ta shigo riƙe da hannun Nya Gambi. Ƙawarki dai, Bazabarmiyar da gidanta ke kallon namu, wadda tun kafin a haife ni take suyar fari masa a ƙofar gidanta kowace safiya. Ta tsufa ƙwarai, Inna. Ta daina suyar, ta rame, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Wai ta ji yaran unguwa suna cewa an nuna ni a talabijin, ta tasa Balki gaba sai an sa ta a taksi an kawo ta. A bakin ƙofa ta tuɓe takalmanta, mai gadi yana ce mata ba sai ta cire ba, ta ce shi ya kula da nasa.

Na tare ta na gaishe ta, ta riƙe hannuna muka fara zagayawa. Na soma yi mata bayani, wannan matar ruwa ce, wannan ta tsamiya ce. Ba ta saurare ni ba. A gaban mai ƙulle ruwan sama ta ja ta tsaya, ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa ƙyallen, ta ja baya. Sai na ji ta gaishe ta da Zabarmanci, a hankali, "Fofo, ƙawata. Ashe nan kika zo kika zauna."

Ta nuna mini ɗaurin kallabin da ya karkata hagu, ta nuna kafaɗar dama da ta ɗan fi sauka saboda shekarun da kika yi kina tura ƙyalle a keke. Ta saki hannuna ta bi sauran da kanta, kowace ta tsaya a gabanta sai ta ce wannan ma ita ce. Har barewar ba ta bari ba, wai wuyan naki ne. Ta yi kuka, ta fyace hanci da bakin mayafi, ta yi dariya, sannan ta juyo kaina da faɗa. Wai wane irin rashin kirki ne wannan, mace mai kyau kamar ke in tara ta cike da ɗaki in hana mutane ganin fuskarta.

Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Wataƙila don ba kowa a zauren, wataƙila don ita kaɗai ta rage cikin ƙawayenki da suka san ki kina amarya. Abin da ban gaya wa Kawu ba, ban gaya wa ƴar jarida ba, ban ma taɓa gaya wa mijina ba, shi na gaya mata. Na ce Nya, abin da na sani na zana. Na ce har ta koma ga Allah ba ta taɓa kallona ba.

Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ke? Ke ce ba ta kallo? Yarinya, ni ina zaune ina suya, ƙofarku na gabana. Kullum in kin fito za ki lakwal, kina ba da baya take fitowa. Tana nan tsaye har ki sha kwana wajen famfo. Mai ɗinki na jira, tukunya na kan wuta, ba ruwanta."

Na ce wace ranar take nufi. Ta ce wace rana kuma, ai kullum. Tun ranar da aka fara kai ni lakwal da ɗan allona a hannu, har na shiga lise, babbar sakandare, ina tafiya ina yanga, har bayan an yi mini aure ina zuwa wuni in koma da Nafisa a baya. Ta ce kina laɓewa ne daga cikin zaure sai kin ji takuna ya yi nisa, sannan ki fito ki dafa bango. In akwai masu sayen masa da yawa sai ki riƙo tsintsiya, wai shara kika fito yi, ƙofar gidanmu ta fi ta kowa tsabta a lungun. Ta ce ta sha tsokanarki, ta ce miki ki kira ta mana ta dawo ki kalle ta da kyau ki huta. Ke kuma ki ce, "Rufa mini asiri, Gambi. In ta waiwayo ai shigewa zan yi."

Balki tana tsaye baki buɗe. Ita ma ba ta sani ba, don lokacin tana ciki tana barci ko tana cin ɗumame.

Na kama hannun Nya Gambi da hannu biyu na ce ta gaya mini yadda fuskarki take a lokacin. Na roƙe ta, na ce ko kaɗan ne, ko yadda bakinki yake, ko idon.  Ta yi ta tunani har na sa rai. Can ta girgiza kai.

"Ban iya faɗa ba. Ni dai in na ga haka sai in sunkuyar da kai in ci gaba da suyata, don kallon ba nawa ba ne."

Inna, a nan tsakiyar zauren na zauna a ƙasa da kayan adona na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Mai gadi ya leƙo ya koma. Nya Gambi tana bubbuga bayana tana cewa in yi shiru kada in ɓata kwalli, ita ma tana yi.

Cikin kukan ne wani abu ya faɗo mini. Duk rigunan da kika ɗinka mini, tun daga na sallah har na aure, ba ki taɓa ɗora mini metir na awo ba. Balki kike tsayarwa ki auna, ki juya ta, ki ce ta ɗaga hannu. Ni sai dai in tarar da riga a ninke a kan gadona. Kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini yawa ko kaɗan ba, har shekarun da nake tsawo kamar ana ja na. Ni da nake taƙama da cewa aikina kallo ne, ban taɓa tambayar kaina a ina kike samun awon ba.

Washegari da safe na ce wa direban taksi ya kai ni Lazaret. Ban shiga gidan ba. Na tsaya a bakin ƙofa ta wajen hagu, inda Nya Gambi ta ce kina tsayawa, na dafa bangon. Yara suna ta wucewa za su lakwal da jakunkuna a baya. Na zaɓi wata ƴar siririya mai kitso biyu na bi ta da ido.

Lungun nan yana da tsawo, Inna. Na bi shi iya rayuwata ban san yana da tsawo haka ba. Yarinyar ta wuce gidan mai gawayi, ta wuce shagon tela, ta tsaya ta gyara takalmi, ta wuce bishiyar dogon yaro, tana ta ƙanƙancewa, kuma har lokacin ba ta kai famfo ba. Ƙafata ta fara gajiya. Ashe daɗewa kike yi a tsaye.

Da ta sha kwana sai na sauka daga dakalin ƙofar, na kama hanyar ni ma. Na tafi a hankali yadda nake tafiya da, ban duba hagu ba ban duba dama ba. Ƙeyata har wani zafi take yi. Da na kai famfo na tsaya. Na san abin da zan gani, ni ba yarinya ba ce, amma na waiwaya.

Ba kowa a ƙofar. Na daɗe a nan tsaye, har wata mai ɗiban ruwa ta tambaye ni ko wani gida nake nema.

Na yi kewarki, Inna. Kewar da nake yi da ta mai jin haushi ce, yanzu haushin ya tafi ya bar ni da ita tsurarta, kuma ta fi ciwo. Da na sani da ban riƙa sauri ba in zan fita. Da na riƙa tsayawa ina gyara takalmi ko bai kwance ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna saboda kowace safiya da kika tsaya a ƙofar nan. Ya jiƙan Baba da Kaka da duk waɗanda suka riga mu. Ya ƙara wa Nya Gambi lafiya, Ya sa ta cika da imani. In kuma Ya ƙaddara mana haɗuwa a gidan gaskiya, ina roƙonSa Ya ɗauke miki kunyar nan ko na ɗan lokaci ne. Ta gaba zan zo miki, ki shirya.

Wassalam.

Ɗiyarki ta fari,
Rakiya